Ikarus da Makwarwa: Yadda Za a Yi Nazarin Almarar Girkawa da Yaran Ƙaramar Sakandare

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da adabi a aji biyu na ƙaramar sakandare. An ba mu labarin Dedalus da ɗansa Ikarus, cikin almarar Girkawa, mu yi nazarinsa. Na ce yara su rubuto mini sharhi, sai kusan dukkansu suka maimaita labarin daga farko har ƙarshe, suka rufe da cewa darasin shi ne a riƙa jin maganar iyaye. Ban ce sun yi kuskure ba, amma raina bai kwanta ba. Ta yaya zan fitar da su daga ba da labari zuwa nazari?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki ga laifin yaran. Tun suna ƙanana aka saba musu cewa in an ce ƙurunƙus sai a nemi darasi, kuma labarin da ke cikin yawancin littattafan makaranta an rage shi har ya zama abu huɗu kawai: fukafukai, gargaɗi, rana, teku. Wanda aka ba wannan ba shi da abin cewa da ya wuce "in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba". Ko ni aka ba haka zan rubuta. Don haka maganin farko shi ne ki mayar wa labarin naman da aka yanke masa.

Labarin na Girkawa ne, amma sigar da duniya ta fi sani wani Barume ne ya rubuta ta da Latin, wato mawaƙi Obid, wanda aka haifa shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana cikin doguwar waƙarsa Metamorphoses mai littafi 15, wadda ya kammala wajen shekara ta 8 Miladiyya. Ma'anar sunan ita ce rikiɗa, domin kusan kowane labari a ciki akwai wanda ya rikiɗe ya zama wani abu. Namu yana littafi na 8, layi na 183 zuwa 235. Layi 53 ke nan, ba su cika shafi biyu ba. Ki nemi fassararsu ki karanta wa yara, sannan ki haɗa da layi 24 da ke biye, waɗanda littattafan yara suka saba zubarwa. Zan zo kansu.

Ga yadda Obid ya kawo shi. Dedalus gwanin gini ne da ƙere-ƙere, mutumin Atina, yana zaune a tsibirin Kirit a hannun Sarki Minos. Shi ya gina wa sarkin gidan nan mai ruɗaɗɗun lunguna da aka tsare dodo Minoto a ciki. Ya gaji da zaman baƙunta, yana kewar garinsu, teku ta kewaye shi. Sai ya ce Minos ya tare ƙasa ya tare ruwa, amma sama a buɗe take, komai ya mallaka bai mallaki iska ba. Ya jera gashin tsuntsaye daga gajere zuwa dogo, ya ɗaure tsakiyarsu da zare, ya liƙe gindinsu da kakin zuma, ya ɗan lanƙwasa su kamar na tsuntsun gaske. Suka tashi, yaron ya yi sama, kaki ya narke, ya faɗa teku.

Yanzu nazari. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, mai ba da labari yana amsa tambayar "me ya faru?", mai nazari kuwa yana amsa "don me marubucin ya faɗe shi haka, a nan, da wannan kalmar?" Yaro ɗan shekara 13 ba zai gane wannan da bayani ba sai ya taɓa da hannunsa, don haka ki tsaya a wuri ɗaya ki daɗe. Wurin da nake tsayawa shi ne lokacin da uban ke aiki. Obid ya ce Ikarus yana tsaye kusa da shi, fuska cike da fara'a, yana cafkar gashin da iska ta kaɗa, yana danna kakin da babban yatsansa yana laushi, wasansa na hana uban aiki. Kuma ya ƙara da cewa yaron bai san halakarsa yake taɓawa ba.

Wata shekara na shiga aji da ɗan curin kakin zuma da na samo wurin mai sayar da zuma. Na ba na gaba na ce ya murza ya miƙa. Kafin ya kai layi na uku ya yi laushi kamar ƙullin fulawa, har ya ɗauki zanen yatsunsu. Wata yarinya a baya ta ɗaga shi ta ce, "Malam, ai in ɗumin hannu ya yi masa haka, rana fa?" Wannan tambayar ita ce nazarin. Ta gano da kanta cewa marubucin ya nuna mana ƙarshen labari tun kafin a tashi, kuma mu masu karatu mun san abin da yaron bai sani ba. Daga baya ne na ba su sunayen dabarun: haska abin da ke tafe, da sanin mai karatu wanda tauraro bai da shi. In kika fara da sunaye, haddacewa za su yi su zuba miki a jarrabawa ba tare da sun gane ba.

Wannan wurin kuma yana gyara mana hoton Ikarus. Yaron da ke bin gashi a iska yana hana babansa aiki ƙaramin yaro ne, irin wanda ake kora daga bakin murhu. Ki tambaye su: wanda ya ɗaura wa irin wannan yaron fukafukai ya ce ya ƙetare teku, ba shi da kaso a abin da ya biyo baya?

Sai gargaɗin. Ki ce su rufe littafi su faɗi abin da uban ya ce. Kusan duk za su ce "kada ka kusanci rana". Rabin maganar ke nan. Ya ce masa ya bi tsakiya: in ya yi ƙasa ruwa zai nauyaya fukafukan, in ya yi sama wuta za ta ƙone su. Ya hana shi kallon taurari don neman hanya, ya ce shi kawai zai bi. Haɗari biyu ne, amma mutane sun riƙe ɗaya sun manta ɗaya, kuma dalilin mantuwar abin tattaunawa ne mai daɗi a aji. Yana maganar yana ɗaura masa fukafukan, kuncinsa ya jiƙe da hawaye, hannuwansa na rawa, ya sumbaci ɗansa sumbar da Obid ya ce ba za a sake ba. Gwanin da hannunsa bai taɓa kuskure ba, yau hannun na karkarwa. Ya san abin da yake yi. An kamanta shi da tsuntsuwar da ta fito da 'ya'yanta daga sheƙa karo na farko, tana tafe tana waiwaye, kamance mai taushi, amma a layi na gaba an kira abin da yake koya wa yaron sana'a mai cutarwa.

Ga wani aiki mai sauƙi da ke ba yara mamaki. Su ja layi ƙarƙashin duk sunan da aka kira Dedalus da shi. Lokacin da ya gwada fukafukan a jikinsa, gwani aka ce. Lokacin hawaye, tsoho ne, hannun kuma hannun uba. Bayan yaron ya faɗi, sai Obid ya ce "uba mai baƙin ciki, wanda yanzu ba uba ba ne", yana ta kira, Ikarus, ina kake, a ina zan neme ka, har ya hango gashi a kan ruwa. Daga gwani zuwa wanda ko sunan uba an ƙwace masa. Yaron da ya jera waɗannan sunaye ya faɗi abin da ya gani, ya yi nazarin tauraro, ko da bai san sunan abin da ya yi ba.

Ki lura kuma da wanda Dedalus ya zarga. Bai ce yaro ya ƙi ji ba. Sana'arsa ya tsine wa. Shi ma marubucin bai zagi Ikarus ba. Cewa ya yi yaron ya fara jin daɗin tashin nan na kasada, ya bar jagoransa, sha'awar sama ta ja shi. Littattafan sharhi da yawa suna cewa girman kai ne ya kashe shi. Ki ce yara su nemo kalmar da ke nuna girman kai a cikin layukan. Za su sami murna da ɗoki da kasada. Ko waɗannan sun kai a kira su girman kai, su yi gardama a kai, amma kowa ya kawo layinsa.

To, ga abin da aka yanke. Dedalus yana cikin binne ɗansa a tsibirin da har yau ake kira Ikariya, kusa da Samos a tekun Ejiyan, sai wata makwarwa ta leƙo tana kaɗa fukafukai tana kukan murna. Murnar me? Nan Obid ya waiwaya baya. A Atina, 'yar'uwar Dedalus ta taɓa kawo masa ɗanta mai shekara 12 ya koya masa sana'a. Yaron ya fito da kaifin basira. Ya dubi ƙayar bayan kifi ya yanka wa ƙarfe haƙora, zarto ke nan. Ya haɗa ƙarfe biyu a kai ɗaya, ɗaya a tsaye ɗaya na zagayawa, wato kamfas ɗin zana da'ira da ke cikin akwatin lissafin kowane ɗalibinki. Hassada ta kama kawun. Ya turo yaron daga saman tudun Atina mai tsarki a wurinsu, ya ce zamewa ya yi. Allahiyar hikima a imaninsu ta tare shi a iska ta lulluɓe shi da gashi, ya zama makwarwa. Sunansa Fardis, kuma da wannan sunan Girkawa da Rumawa ke kiran tsuntsun. Shi ya sa, in ji labarin, makwarwa ba ta tashi sama sosai, ba ta sheƙa a kan dogon itace, a cikin shinge take ƙwai, tana tuna faɗuwar farko. Duk yaron da ya taɓa tayar da makwarwa a gona ya ga yadda take fir ta sake faɗawa ciyawa.

Ranar da na fara karanta wa aji wannan, shiru aka yi, sannan wani ya ce, "Ashe alhaki ne." Ban sa masa a baki ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma yaranmu sun san wannan tun daga gida.

Ki raba allo biyu, su cike da kansu. Yara biyu, dukansu a hannun Dedalus, dukansu amana. Dukansu sun faɗo daga sama. Ɗaya ya faɗo ba gashi aka ba shi gashi ya rayu, ɗaya yana da gashi ya rasa shi ya mutu. Ɗaya da gangan aka jefo shi, ɗaya ƙauna ce ta ɗora shi a iska. Ɗaya ya koma tsuntsun da ba ya yin sama, ɗaya sama ce ta ja shi. Ba a yin irin wannan daidaito bisa tsautsayi, marubucin ne ya tsara.

Sannan babbar tambayar zubi da tsari, wadda a ganina ta fi kowace amfani a wannan darasi: kisan ɗan 'yar'uwar shi ya fara faruwa, don me aka ɓoye shi sai bayan jana'iza? Ki gwada da su. Ki ba rabin aji labarin yadda Obid ya jera shi, ki ba sauran da kisan a farko, sannan ki tambayi kowane ɓangare yadda suka ji da hawayen Dedalus. Na farko za su ce ya ba su tausayi, daga baya tausayin ya gauraye. Na biyu za su ce Allah ya ƙara. Abubuwan da suka faru iri ɗaya ne, jerin kawai aka sauya, zuciyar mai karatu ta sauya. Daga ranar ba za ki sake wahalar bayyana musu bambancin labari da zubi ba.

Kan jigo kuwa, ki hana su ba ki kalma ɗaya. "Biyayya" ba jigo ba ne tukuna, "hassada" ma haka. Su yi jimla cikakkiya wadda wani zai iya musawa, su kawo shaida daga matani, su faɗi yadda shaidar ta tabbatar da ita. Ga irin sakin layin da nake ba cikakken maki a wannan aji:

"Labarin ya nuna cewa gwaninta ba ta kare mutum daga sakamakon aikinsa. Dedalus ya iya yin abin da ba wanda ya taɓa yi, har masu kallo suka zaci shi ba mutum ba ne. Amma da ya ga gashi a kan ruwa, sana'arsa ya tsine wa. Makwarwar da ta yi murna a wurin jana'iza ta tuna mana cewa ya taɓa jefo ɗan wata daga sama. Saboda haka mutuwar Ikarus ba laifin yaron kaɗai ba ce."

Jimla biyar ne kacal, kuma babu inda aka maimaita labari don cika takarda. Wanda ya dage cewa jigon shi ne jin maganar iyaye, kada ki hana shi. Yana da hujja, domin uban ya yi gargaɗi kuma abin da ya faɗa ya faru, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sharaɗin kawai shi ne ya gaya mana abin da zai yi da makwarwar. In ya iya shigar da ita cikin hujjarsa, ya ci makinsa.

Za a sami mai wayon da zai ce miki malamin kimiyya ya ce in aka yi sama sanyi ake ji. Gaskiyarsa. Zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace kilomita da aka hau, rana kuma tana nesa da mu da kilomita miliyan 150, tashin tsuntsu ba ya rage komai a ciki. Ki yaba masa, sannan ki tambaye shi: to in ba darasin yanayi ake ba mu ba, rana a nan tana wakiltar me? Teku fa? Hanyar tsakiya fa? Kin shiga alamtarwa ke nan ta ƙofar da shi ya buɗe. Ko mutanen dā ma ba duka suka yarda da fukafukan ba. Marubuci Fausaniyas, a ƙarni na 2 Miladiyya, ya kawo cewa jiragen ruwa ne masu filafilai uban ya ƙera, na ɗan ya kife. Wannan na nuna wa yara cewa almara ba ta da siga ɗaya, kamar yadda tatsuniyar kakar wani ke bambanta da ta kakar wani. In kina son ki faranta wa masu son injuna rai, ki gaya musu cewa a ranar 23 ga Afrilu 1988 wani Bagirke ɗan tseren keke, Kanellos Kanellopoulos, ya tuƙa jirgin sama mai suna Dedalus da ƙarfin ƙafarsa kawai, daga Kirit zuwa tsibirin Santorini, kilomita 115 cikin kusan awa 4. Dab da gaɓa iska ta karya jirgin ya faɗa ruwa, amma shi ya fito da ransa.

Kwatanci da namu na gida yana taimakawa, in an yi shi da hankali. Yawancin yara sun san tatsuniyar Gizo da hankaki, inda suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗamarsa ta sa suka ƙwace gashinsu suka bar shi. Aron fiffike ne a duka biyun, kuma ruwa ne a ƙasa. Amma faɗuwar Gizo dariya take ba mu, ta Ikarus kuwa ba mai dariya. Su nemo dalili. Za su iso ga cewa Gizo mun san halinsa, ya cancanci abin da ya same shi, kuma gobe zai dawo da wata dabara, Ikarus kuwa laifinsa bai kai hukuncinsa ba, kuma ba zai dawo ba. Ba sai kin ce musu sun bambance ban dariya da ban tausayi a adabi ba, sun riga sun yi.

In kina da waya ko majigi, ki nuna musu zanen faɗuwar Ikarus da ake dangantawa da mai zane Bruegel, na wajen shekarun 1560, wanda ke gidan tarihi a Brussels. A waƙar Obid akwai mutum uku da suka ga tashin: mai kamun kifi da fatsa, makiyayi jingine da sandarsa, da manomi riƙe da garma. Sun ɗaga kai sun yi mamaki, sun zaci alloli ne. Mai zanen ya kawo su duka ukun, amma manomi na kallon huɗarsa, mai fatsa na kallon ruwansa, makiyayi ya ba wurin baya. Ki ce su nemo Ikarus. Sai sun daɗe kafin su ga ƙafafu biyu suna nutsewa a gefen dama, kusa da jirgin ruwa. Akwai ma tsuntsu a kan reshe kusa da mai fatsar, wanda masana da yawa ke cewa makwarwar ce.

Batun alloli, in iyaye ko yara suka tayar, amsa gajeriya ta isa: muna karanta yadda wasu mutane suka tsara labari ne, kamar yadda ɗaliban Larabci ke karanta waƙoƙin Jahiliyya don harshe da fasaha. Wannan labarin ma ya fi sauran sauƙi ta nan, domin a faɗuwar Ikarus babu wani abin bautarsu da ya sa hannu. Kaki ne da rana da yaro.

Aikin gida na ƙarshe da nake bayarwa daga wani mawaƙin Rum ne, Birjil, wanda ya riga Obid. A littafi na 6 na waƙarsa Aeneid ya ce Dedalus ya sauka a Kumai, a ƙasar Italiya, ya gina ɗakin bauta, ya sassaƙa tarihin Kirit a ƙofofinsa da zinariya. Da ya zo kan faɗuwar ɗansa, sau biyu yana gwadawa, sau biyu hannuwansa na saki. Sai in ce su ɗauki wannan su haɗa da hannun da ya jera gashi, da hannun da ya yi rawa wajen ɗaura fiffike, da hannun da ya turo yaro daga tudu, su rubuto mini rabin shafi a kan hannun Dedalus kaɗai. Kada su wuce rabin shafi, kuma duk wanda ya fara da "wata rana akwai wani mutum" ki mayar masa da takardarsa ya sake.